Yadda ake ƙera mota a kwamfuta: daga igwar Tanimu zuwa motar hamada ta gobe

A ƙarshen shekarar 1924, lokacin Zinder ce mazaunin gwamnan mulkin mallaka na Nijar, kafin a mayar da shi Yamai a 1926, wasu motoci takwas na kamfanin Citroën suka shigo garin nan. Gabansu taya biyu ne irin na kowace mota, bayansu kuwa ɗamara ce ta roba mai zagaya ƙafafu, wadda injiniya Adolphe Kégresse ya ƙirƙiro. Sun taso daga Kolom-Beshar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka keto Sahara, suka biyo ta Yamai, daga nan Damagaram suka nufi Tafkin Chadi. Irin wannan motar za mu ƙera a kwamfuta, mai tsawo da faɗi da tsayi, wadda za ka iya juyawa ka leƙa ƙarƙashinta. Na zaɓe ta ne don jikinta kusan duk akwati ne, babu lanƙwashe-lanƙwashen motocin zamani masu wahalar da sabon shiga, hotunanta suna nan birjik a intanet, kuma ta taka ƙasarmu. Idan ta kammala, da ƙwarewar da muka samu za mu zana motar da ba a yi ba tukuna.

Mataki na 1: kayan aiki

Manhajar ita ce Blender. Kyauta ce, ba ta neman lasisi, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar intanet. Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, shi ya fara ta, aka sake ta ga kowa a 2002. Nauyinta ya haura mega 300, don haka mutum ɗaya ya sauke samfurin da ke cikin zip, wanda ba sai an girka ba, sauran su kwafa a kile, wato filashin USB. Sababbin samfura suna son kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8. Idan taka ta ƙi buɗe sabuwa, gwada 3.6, idan ta tsufa ƙwarai, 2.79 tana tashi a kusan kowace, sai dai fuskarta da wasu maɓallanta sun bambanta da abin da zan faɗa a nan.

Ka sayi linzami mai ɗan gare a tsakiya. Wannan ba abin tsumulmula ba ne, da garen ake juya kallo, ake matsowa, ake ja da baya. Idan kwamfutarka ta hannu ce marar maɓallan lamba na gefe, shiga Edit, Preferences, Input, ka kunna Emulate Numpad. A ɓangaren Interface kuma za ka iya zaɓar Faransanci. Shawarata: ka fassara bayanan da ke fitowa idan ka ɗora linzami a kan maɓalli kawai, ka bar sunayen yadda suke, don su ne za ka riƙa gani a yawancin bidiyon koyarwa.

Kuran, wato wutar lantarki, na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Ctrl da S su zame maka jiki, kuma kowace rana ka adana da sabuwar lamba: mota01, mota02. Idan ta faru, File, Recover, Auto Save kan dawo da yawancin abin da ya ɓace.

Mataki na 2: sabon hannu da igwa

Kada ka fara da mota. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, maƙeran Damagaram sun zuba igwa a cikin garin nan, kuma bututun igwa shi ne darasi mafi sauƙi, domin abu ne kewayayye.

Goge akwatin da ka tarar. Shift da A, ka ƙaro Plane. Danna Tab ka shiga yanayin gyara, M sannan At Center, sai ya zama ɗigo guda. Danna 1 ka kalli gaba. Yanzu da E kana jawo ɗigo daga ɗigo, ka zana rabin siffar igwar a tsaye, gefe ɗaya kawai: gindi mai kauri, 'yan zobba, siririn wuya, baki mai ɗan buɗewa, sannan ka juyo da layin ciki ka sauko don ramin. Fita da Tab, je alamar sifana, ka ƙara Screw a kan layin Z. Nan take layinka zai kewaya ya zama bututu. Danna linzamin dama, Shade Smooth. A wannan ɗan aikin ka riga ka taɓa G na matsarwa, R na juyawa, S na ƙara girma ko ragewa, da E. Su huɗun nan da Tab su ne rabin sana'ar.

Mataki na 3: hoto da awo

A nan ake cin nasara ko a faɗi, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa. Yaron da ke ƙera motar gwangwani a Birni ko Zango ba ya fara yanka sai ya daɗe yana kallon motar gaske a tasha, ya san inda taya take da inda ƙofa ta tsaya. Kai ma haka, bambancin kawai kai da lamba za ka yi.

Nemo hotunan da sunan tafiyar, Croisière Noire, ko sunan motar Haardt, Scarabée d'Or. Kana buƙatar aƙalla na gefe, na gaba, na baya, da duk wanda ya nuna ɗamarar kusa. Hoto ba zanen injiniya ba ne: abin da ya fi kusa da kyamara yakan kumbura, na nesa ya ƙanƙance. Ga yadda ake tantance na gefe mai kyau: dubi tayar gaba. Idan da'ira ce cif, an ɗauki hoton daga gefe sosai. Idan ta yi siffar ƙwai, an ɗauka a karkace, sai ka ajiye shi don kallon ƙananan kaya amma kada ka yi awo a kansa.

Danna 3 ka koma kallon gefe, Shift da A, Image, Reference, ka ɗauko hoton. Danna 1, ka saka na gaba haka nan. Matsar da kowanne baya kaɗan don kada ya shiga cikin motar, ka rage masa kauri a Opacity.

Saura girma. Blender da mita take aiki, akwatinta na farko mita 2 ne kowane gefe. Ƙaro akwati, danna N, a Dimensions ka mayar da shi sanda mai tsayin mita 1.70, matsakaicin tsayin namiji. Nemi hoton da mutum ke tsaye dab da motar, ba gabanta ba, ba can bayanta ba, ka ja hoton da S har mutumin ya yi daidai da sandar. Daga nan duk awon da ka ɗauka a hoton ya zama na gaske gwargwado. Ka daidaita hoton gaba da na gefe ta abu biyu: ƙasan taya da saman lagireto su hau layi ɗaya a dukkansu. Rubuta awo huɗu a takarda ka liƙa kusa da kai: faɗin taya daga gefe zuwa gefe, tazarar tsakiyar tayar gaba da tsakiyar ɗamara, faɗin mota, da tsayin ƙasanta daga rairayi.

Ina ba kowane sabon shiga shawarar ya gwada wannan a kan mota mai rai tukuna. Ka ɗauki mitar awo ka je gareji, ka gaida maigida yadda ya kamata, ka nemi izini, ka auna tsohuwar fijo 404 ko adaidaita. Ka ja baya taku 15 zuwa 20, ka durƙusa har wayarka ta yi daidai da tsakiyar ƙofa, ka jawo hoton da zum. Sa'an nan ka kwatanta awon hoto da awon hannu, za ka ga inda hoto ke ruɗi. Ka kuma kwanta ka leƙa ƙasa, ka tambayi bakanike me ke riƙe da me. Mintin da zai ba ka ya fi bidiyo goma. Motocin soja da na jami'an tsaro da wuraren aikinsu kuwa, kada ka ɗaga musu waya ko da wasa.

Mataki na 4: shasi, sannan bodi

Ka bi tsarin masu ƙera ta gaske. Shasi tukuna: ƙarfe biyu dogaye da 'yan gajeru a gicciye. Ƙaro akwati, Tab, Ctrl da R ka yanka shi biyu ta tsawo, Alt da Z don ka ga ɗigon da ke ɓoye a baya, ka goge rabi ɗaya. Ƙara Mirror a kan X, ka kunna Clipping don tsakiyar ta manne. Daga yanzu rabin mota kake ƙerawa, ɗayan rabin yana bin ka.

A kan shasin ka ɗora manyan gaɓoɓi a matsayin akwatuna zalla: lagireto, murfin inji, wurin zaman direba, akwatin kaya na baya. Kowanne abu ne daban mai sunansa, F2 ke sa suna. Kada ka yi noti ko fitila yanzu. Ja baya, ka juya, ka kwatanta da hoton da aka ɗauka a karkace. Idan a wannan matakin ba ta yi kama da motar ba, ado ba zai cece ta ba. Gyara yanzu da sauƙi, gyara bayan ka jera noti ɗari azaba ce.

Idan ta zauna, sai sassaƙa. Ctrl da R na ƙara layi inda kake son lanƙwasa, E na fito da sabon ɓangare, I na shigar da fuska ciki kafin ka tura ta, kamar wurin zama. Murfin inji: zaɓi gefen sama, Ctrl da B, ka murza gare ya ba ka lanƙwasa mai layi 5 ko 6. Madigadi fale-falen ƙarfe ne, don haka zana shi da Plane ka bi hoton gefe, sannan Solidify ya ba shi kauri na milimita 2 ko 3.

Abu uku ke lalata aikin sabon shiga. Na farko, ya ja abu da S a wajen yanayin gyara bai tabbatar ba, sai Bevel, wato dakushe kaifin gefe, ya fito a karkace. Maganinsa Ctrl da A, Scale. Na biyu, ya danna E ya fasa, ɗigo suka ninku bai sani ba. Zaɓi duka da A, M, By Distance. Na uku, baƙin tabo a jiki saboda fuskoki sun juya ciki. Shift da N. Daga ƙarshe kowace gaɓa ta samu Bevel na milimita 3 zuwa 5. A duniya babu ƙarfe mai kaifin gefe ɗari bisa ɗari, kuma wannan ɗan dakushin shi ke kama haske har ido ya yarda ƙarfe ne.

Mataki na 5: taya da ɗamara

Tayar gaba dabarar igwa ce aka maimaita: zana yankakken gefen taya, Screw ya kewaya da shi. Ƙarfen cikinta ma haka. Don jera noti a da'ira, yi guda ɗaya, ƙaro Empty, wato alama marar jiki, a tsakiyar tayar, ka tabbatar cibiyar notin, wato ɗigon da yake juyawa a kansa, ita ma tana nan, ƙara Array, kashe Relative Offset, kunna Object Offset ka zaɓi Empty ɗin, sannan ka juya shi da 360 raba adadin notin. Noti 4, digiri 90.

Ɗamarar ita ce ruhin motar, a nan za ka daɗe. Dubi hoton kusa: manyan ƙafafu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da ƙanana a tsakani waɗanda ke ɗauke da nauyi, an haɗa su bibbiyu a kan hannuwa masu lilo don su bi tudu da kwari. Fara jera ƙafafun a mazauninsu. Yi ƙarama ɗaya, ka kwafe ta da Alt da D maimakon Shift da D. Kwafin Alt ba ya ƙara wa kwamfuta nauyi sosai, kuma in ka gyara ɗaya duk sun gyaru. Ka ƙera hannuwan da ke riƙe da su har zuwa inda suka kama shasi. Mutane da yawa kan bar ƙafafu suna shawagi a iska don wai ba a gani. Ana gani, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sifana zai fara kai ido can.

Yanzu hanyar ɗamara. Ƙaro Circle, tayar da shi tsaye daidai da babbar ƙafar gaba, Tab, zaɓi rabin ɗigon, ka ja su da G da Y har su rungume ƙafar baya. Sauko da layin ƙasa ya bi ƙarƙashin ƙananan ƙafafu, ka ƙara ɗigo a layin sama ka sassauto shi kaɗan, don roba mai nauyi ba ta miƙewa sak. Object, Convert, Curve. Sannan ka ƙera gaɓa ɗaya tak ta ɗamarar: ɗan falle mai tudu a waje, da haƙori a ciki mai hana ta zamewa. Sa mata Array, ka zaɓi Fit Curve, ka nuna masa hanyar. Ƙara Curve a ƙarƙashinsa, ka sake nuna hanyar. Idan gaɓoɓin suka watse ko suka tafi wani wuri, kusan kullum dalili biyu ne: cibiyar gaɓar da ta hanyar ba wuri ɗaya suke ba, ko Deform Axis bai dace ba. Gwada layukan ɗaya bayan ɗaya. Wannan dabara tana lanƙwasa kowace gaɓa a kwana. A sarƙar tankar yaƙi aibi ne, tunda ƙarfe ba ya lanƙwasa haka, amma tamu roba ce, don haka daidai ne.

Mataki na 6: ƙananan kaya

Fitilu, sitiyari, gilashi, tayar safiya, hannun ƙofa, shebur, igiya, tamfol. Kowace mota a ayarin tana jan 'yar tirela kuma tana da tambarinta a jiki. Ta Haardt buzuzu ne na zinariya. Ƙa'idata a nan guda ce: abin da ka gani a hoto ka ƙera, abin da ba ka gani ba amma dole yana nan, kamar sandar da ke kai ƙarfin inji baya, ka ƙera shi a sauƙaƙe, ka rubuta a takardarka cewa ƙiyasi ne.

Mataki na 7: fenti, ƙura da haske

A Principled BSDF, inda ake saita fentin kowane abu, abu uku sun ishe ka: Base Color, Metallic, Roughness. Ƙarfen da aka yi wa fenti ba ƙarfe ba ne a idon haske, don haka Metallic sifili, Roughness wajen 0.5. Tsirarar ƙarfe da tagullar igwa Metallic 1. Roba baƙa-baƙa mai toka, Roughness 0.8, baƙi ƙirin ba ya nuna siffa.

Motar da ta keto Sahara ba za ta iso Damagaram tana ƙyalli ba. A Shader Editor ka haɗa launin fenti da launin ƙura, ja-ja mai fari irin na ƙasarmu, ta hanyar Mix. Abin da zai raba su: Texture Coordinate zuwa Separate XYZ, ka ɗauki Z ka bi da shi ta Color Ramp, ƙura ta yi yawa a ƙasa ta ragu a sama. Gauraya Noise Texture a ciki don kada iyakar ta zama layi miƙaƙƙe. Ka je tasha ka ga inda ƙura ke kwanciya da gaske: bayan taya, cikin lungu, saman duk abin da ke kwance. Inda hannu ke yawan taɓawa kuwa sumul yake.

Haske: Sun guda, ƙarfi 3 zuwa 5, a karkace kamar na hantsi ko la'asar. Rana tsaka tana kashe siffa. Don yanayin hunturu, ƙara Angle na ranar inuwa ta yi laushi, ka mayar da sama fari-fari mai ƙura. Kyamara a tsayin idon mutum, mita 1.6, da 50 zuwa 85 a Focal Length. Daga sama mota kan koma abin wasa.

Mataki na 8: motar gobe

Yawancin motocin gobe da ake zanawa sumul suke, cikinsu na shafar ƙasa, gilashi ko'ina. A hanyar Agadas da ke bi ta Tanut, tafiyar da ta haura kilomita 400 daga nan, irin wannan ba za ta kai ko'ina ba. Abin da nake so mu riƙa yi shi ne mu zana daga buƙata. Kafin ka buɗe Blender, amsa tambayoyi a takarda: me za ta ɗauka, mutum nawa, da me za ta yi tafiya, yaya za ta jure zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, kuma in ta lalace a daji wa zai gyara ta, da wane kayan aiki?

Ɗauki batun hasken rana, tunda kowa shi yake fara ɗorawa a rufi. Rana tsaka tana zubo kimanin wat 1000 a kowace murabba'in mita, faifan sola na yau yana kama wajen kashi 20 cikin 100, wato wat 200. Rufi mai mita 6 a tsawo da 2.5 a faɗi murabba'i 15 ne, kilowat 3 kenan. Ɗan injin Citroën na 1924, mai silinda 4 da doki 20, ya kusa kilowat 15. Ka ga rufi kaɗai ba zai ja motar kaya ba. Lissafin nan shi zai ba ka siffa: faifai masu naɗewa a jiki, waɗanda ake buɗewa kamar fukafukai idan an ya da zango da rana, su cika batir, su kuma zama rumfa ga matafiya. Yanzu kana da abin ƙerawa mai dalili: maƙalai, sandunan tokarewa, makullin da zai riƙe su kada iska ta fizge. Ka sa cibiyar kowane fiffike a kan maƙalinsa, ka juya shi da R ka gani ko yana buɗewa ba tare da ya ratsa bodi ba. In ya ratsa, zanen ne bai yi ba, ka sake.

Sauran ma haka. Batir nauyi gare shi kuma ba ya son zafi: ƙasa, tsakanin ƙafafu, da faranti mai kare shi daga dutse. Taya mai faɗi, tunda direbobin hamada kan rage iska a rairayi don taya ta baje. Ko ka aro ɗamarar Kégresse da ka riga ka ƙera ta File, Append. Mashigar iska can sama, nesa da ƙura, da matata da ake cirewa da hannu. Tagogi ƙanana masu lema. Tankin ruwa da famfo a waje inda mai alwala zai kai hannu, wurin tayar safiya biyu, faranta na fita daga rairayi a rataye a gefe. Murafai su kasance da noti a fili, irin wanda mai walda da bakanike na Tanut za su iya kwancewa. Ajiye sandar nan ta mita 1.70 kusa da motar koyaushe, ka riƙa gwada ƙofa da matakala da kujera da ita.

Mataki na 9: fitar da hoto

Blender na da injinan fitar da hoto, EEVEE da Cycles. EEVEE na da sauri, da ita za ka riƙa gwaji. Hoton ƙarshe da Cycles: Samples 64 zuwa 128, ka kunna Denoise, F12. Fara da rabin girma ka duba kurakurai kafin ka saki cikakke. Wannan aikin yana dafa kwamfuta, don haka ka yi shi da dare ko da asuba, ka ɗaga bayanta iska ta shiga, kada ka ɗora ta a katifa, ka riƙa hure ƙurar fankarta musamman da hunturu. Idan ya gama, Image, Save As. Blender ba ta adana hoton da kanta.

Fitar da uku: gefe, kusurwar gaba, da kusa da ɗamara. Kafin ka ba wani fayil ɗin, File, External Data, Pack Resources, don hotunan da ka yi amfani da su su bi shi. Wanda ba shi da Blender, ka fitar masa da glb ta Export, ana buɗe shi a burauza. A ƙarƙashin hoton motar tarihi ka rubuta sunanta da shekararta, ka faɗi ɓangarorin da ka ɗauko daga hoto da waɗanda ka ƙiyasta, har da launi, tunda hotunan 1924 baƙi da fari ne. Ta gobe kuwa ka haɗa ta da lissafinta: tsawo, faɗi, murabba'in faifan sola a naɗe da a buɗe, da litar ruwan da take ɗauka.